Umarnin Verizon: yadda Amurka ta tara rajistar wayoyin mutanenta a asirce

Ranar 5 ga Yunin 2013 jaridar Guardian ta wallafa wata takarda mai shafi huɗu wadda aka rubuta a jikinta cewa ba za a buɗe ta ga jama'a ba sai 2038. Umarni ne daga kotun sirri mai kula da leƙen asiri a Amurka, ɗauke da sa hannun Alƙali Roger Vinson na ranar 25 ga Afrilu. An umarci wani reshe na kamfanin waya na Verizon da ya riƙa miƙa wa Hukumar Tsaro ta Ƙasa, wato NSA, bayanan duk kiran da ya bi ta layinsa, na cikin gida da na ƙetare, kullu yaumin, har zuwa 19 ga Yuli. Takardar ba ta ambaci sunan wani da ake zargi ba, ba ta kuma faɗi laifin da ake bincike ba. Ta haramta wa kamfanin ya faɗa wa kowa cewa an ba shi wannan umarni.

Abin da ake karɓa shi ne lambar da ta kira, lambar da aka kira, lokacin kiran, tsawonsa, da lambobin shaidar waya da na sim. Ba a naɗar muryar masu magana. Cikin kwana ɗaya da fitowar labarin, Sanata Dianne Feinstein, shugabar kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawa, ta ce ai wannan sabuntawa ce ta wata uku uku da aka saba yi tun shekara bakwai. Ta faɗi haka ne don ta kwantar da hankalin jama'a, amma da bakinta ta tabbatar da girman abin. Tun watan Mayun 2006 kotun ke ba da irin wannan umarni ga manyan kamfanonin waya, ana ajiye bayanan har shekara biyar.

Wanda ya kwarmata takardar, Edward Snowden, ya bayyana kansa ranar 9 ga Yuni daga Hong Kong. Shekarunsa 29, ma'aikacin kamfanin Booz Allen Hamilton ne mai yi wa NSA aikin kwangila a Hawaii. An tuhume shi ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917, ya maƙale a Mosko, kuma har yau yana Rasha. Ana iya kwana ana gardama a kansa, jarumi ne ko maci amana. Wannan nazari ya fi damuwa da shirin kansa: yadda aka kafa shi cikin ƙasar da ke da majalisa da kotuna da 'yan jarida masu ƙarfi, da abin da ya same shi da aka fito da shi fili.

Kotun da aka kafa don ta hana irin wannan

Kotun da ta ba da umarnin ta samo asali ne daga wata badaƙala ta baya. A 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo cewa FBI ta yi shekaru tana bibiyar Martin Luther King da sauran masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, kuma NSA da hukumomin da ta gada sun shafe kusan shekara 30 suna karɓar kwafin telegiram ɗin da ke shiga da fita ƙasar daga hannun kamfanoni. Sakamakon haka aka yi dokar FISA a 1978. Ma'anarta a taƙaice: in gwamnati na son ta sa wa wani ido a cikin gida saboda tsaron ƙasa, sai ta je gaban alƙali ta kawo hujja. Saboda harkar ta sirri ce, aka yi mata kotu ta musamman mai zama a ɓoye, wadda Alƙalin Alƙalan ƙasa ke zaɓo alƙalanta daga kotunan tarayya. A wancan lokacin lauyan gwamnati kaɗai ke tsayawa a gabanta.

Tsarin yana da ma'ana muddin abin da ake kawowa shi ne neman izini a kan mutum guda. Ko a kotun yau da kullum, ɗan sanda ba ya gayyato wanda ake zargi ya zo ya yi jayayya kafin a ba da takardar binciken gidansa. Matsalar ta taso ne lokacin da aka fara kawo wa wannan kotu manyan tambayoyin shari'a da suka shafi kowa da kowa, ta yanke su ba tare da ta ji ta bakin wani ɓangare ba, ta kuma kulle hukuncin.

Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, majalisa ta zartar da dokar Patriot cikin makonni shida, Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu ranar 26 ga Oktoba. A Majalisar Dattawa mutum ɗaya ne ya ƙi, Russ Feingold, ƙuri'a 98 da 1. Sashe na 215 na dokar ya bai wa FBI damar neman kotun sirri ta umarci kamfani ko wata hukuma ta miƙa takardu da rajista. A 2006 aka ƙara sharaɗin cewa dole abin da ake nema ya kasance yana da alaƙa da wani binciken ta'addanci ko leƙen asiri da aka amince da shi. Duk mai karatu zai ɗauki wannan a matsayin takunkumi. Lauyoyin gwamnati kuwa suka je kotun sirri da wata fassara: tunda ba a san wace lamba ce za ta yi amfani gobe ba, kuma ba za a iya gano ta ba sai an tara duka, to rajistar kiran kowa tana da alaƙa da binciken. Jami'ai sun sha kwatanta shi da cewa mai neman allura cikin tarin ciyawa sai ya fara mallakar ciyawar. Kotun ta amince. Ba ta ma rubuta cikakken bayanin dalilinta na shari'a ba sai a watan Agustan 2013, bayan asiri ya tonu.

A nan ne, a ganina, babbar ɓarnar take. Amurkawa suna da doka ɗaya a rubuce wadda kowa zai iya karantawa, ga kuma wata a aikace wadda ba su san da ita ba. Jim Sensenbrenner, ɗan majalisar wakilai na jam'iyyar Republican da ya jagoranci rubuta dokar Patriot, ya fito ya ce ba abin da suka nufa ke nan ba. Mutumin da bai san abin da doka ta halatta a yi masa ba, ba shi da hanyar kai ƙara, ba shi da dalilin sauya wanda zai zaɓa.

Ba a sauraron kiran kowa

Kalmar da Shugaba Barack Obama ya fara kāre shirin da ita ita ce, babu mai sauraron wayar kowa. Game da wannan shiri, gaskiya ya faɗa. Hujjar shari'ar da aka dogara da ita kuma tsohuwa ce, daga wata ƙara ta 1979. A Baltimore wani mutum mai suna Michael Lee Smith ya yi wa wata mata fashi, sannan ya dinga kiranta yana tsoratar da ita. Wata rana ya ce ta fito ƙofar gida, ta fito ta ga motar da ta riga ta kwatanta wa 'yan sanda tana wucewa a hankali. Da lambar motar aka gano shi. 'Yan sanda suka sa kamfanin waya ya maƙala wata na'ura mai rubuta lambobin da ake bugawa daga gidansa, ba tare da izinin alƙali ba, kuma na'urar ta nuna ya kira matar. Kotun Ƙoli ta ce ba a keta masa haƙƙi ba, domin lambar da ka buga ka riga ka ba kamfanin waya da kanka, saboda haka gyara na huɗu na kundin tsarin mulki, mai hana bincike ba bisa ƙa'ida ba, bai rufe ta ba.

Hukuncin da aka yi a kan layin mutum ɗaya da ake zargi, na 'yan kwanaki, shi aka shimfiɗa a kan ƙasa baki ɗaya na tsawon shekaru. Kuma rajistar kira, in ta taru, tana magana. Masu bincike a Jami'ar Stanford, Jonathan Mayer da Patrick Mutchler da John Mitchell, sun gwada haka da bayanan masu sa kai sama da 800, suka wallafa sakamakon a 2016. Daga lambobi da lokuta kawai suka ga wani yana kiran likitocin zuciya da kantin magani da layin taimako na wata na'urar lura da bugun zuciya. Suka ga wata ta yi doguwar waya da 'yar'uwarta da sassafe, bayan kwana biyu ta shiga kiran asibitin da ke kula da harkar juna biyu da zubar da ciki. Ba su ji kalma ɗaya daga bakin kowa ba. Janar Michael Hayden, wanda ya shugabanci NSA da CIA, ya faɗa a wata muhawara a 2014 cewa Amurka na kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai, ko da yake nan take ya ƙara da cewa ba da na Amurkawa ake yin hakan ba. Mutumin da ya san aikin ciki da waje bai ɗauke su ƙaramin abu ba.

Gwamnati ta ce akwai matakan kariya, kuma akwai su. Ba a buɗe rumbun da aka tara bayanan kiran a ciki sai da lambar da ake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginta da alaƙa da ƙungiyar ta'addanci, jami'ai 22 kaɗai ke iya amincewa da hakan, kuma a 2012 lambobin da aka fara bincike da su ba su kai 300 ba. Sai dai daga kowace lamba ana iya yin tsalle uku: waɗanda ta kira, waɗanda su kuma suka kira, da waɗanda na biyun suka kira. In kowa na hulɗa da mutum 40, tsalle na farko 40 ne, na biyu 1,600, na uku 64,000. In ɗaya daga cikinsu lambar wani shagon abinci ce da dubban mutane ke kira, lissafin ya tashi daga nan.

Matakan ma ba a kiyaye su ba. A farkon 2009 gwamnati ta sanar da kotun cewa NSA ta yi shekaru tana gwada kiran da ke shigowa da wani jerin lambobi kusan 17,800, alhali kimanin 1,900 ne kawai a cikinsu suka cika sharaɗin zargi. Alƙali Reggie Walton ya rubuta cewa an karya ƙa'idojin akai-akai har ana iya cewa tsarin kariyar bai taɓa aiki yadda ya kamata ba. Ya hana hukumar taɓa rumbun sai da izininsa na tsawon watanni. Bayanin da NSA ta bayar shi ne babu wani mutum guda a cikinta da ya fahimci yadda na'urorin ke aiki daga farko har ƙarshe. Adalci ne a faɗi cewa binciken da aka yi daga baya bai gano an yi amfani da wannan rumbu da gangan don farautar abokan hamayya ba. Amma hukumar da ba ta san abin da na'urorinta ke yi ba, ita ce kaɗai majiyar alƙalin da aka ɗora wa sa mata ido. Jama'a ba su ji wannan labari ba sai a Satumbar 2013.

Majalisa fa? 'Yan kwamitocin leƙen asiri sun sani, amma rantsuwar sirri ta ɗaure musu baki. Sanata Ron Wyden ya tsaya a zauren majalisa a Mayun 2011 ya ce ranar da Amurkawa suka gano yadda aka fassara dokar Patriot a ɓoye, za su kaɗu kuma za su fusata. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan. Ranar 12 ga Maris 2013, a zaman da ake nunawa kai tsaye, ya tambayi Daraktan Leƙen Asiri na Ƙasa, James Clapper, ko NSA na tara wani irin bayani a kan miliyoyin Amurkawa. Ya aika masa tambayar tun kwana ɗaya kafin zaman. Clapper ya shafa goshinsa ya ce a'a, sannan ya ƙara da cewa ba da sani ba. Wyden ya san amsar ba daidai ba ce, kuma ba shi da ikon ya ce haka. Bayan fallasar, Clapper ya rubuta wa kwamitin ya amsa cewa amsarsa kuskure ce ƙarara. Ba a tuhume shi da komai ba.

Ƙofar kotunan fili ita ma a rufe take. A Fabrairun 2013, wata huɗu kafin takardar ta fito, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da Amnesty International da wasu lauyoyi da 'yan jarida suka shigar kan wata dokar leƙen asiri, da rinjayen 5 da 4, saboda ba su iya nuna cewa su kansu an sa musu ido ba. Ba ka da ikon ƙara sai ka kawo shaida, shaidar kuma sirri ce da doka ta hana ka gani. Umarnin Verizon ne ya warware wannan ƙulli, domin ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU tana cikin masu amfani da layin wannan reshe na kamfanin. Ta shigar da ƙara ranar 11 ga Yuni.

Da aka zo auna amfaninsa

Hujjar tsaro ba wasa ba ce, kuma masu kawo ta ba mahaukata ba ne. Misalinsu na kullum shi ne Khalid al-Mihdhar, ɗaya daga cikin maharan 11 ga Satumba, wanda ya zauna a San Diego yana waya da wani gida a Yemen da NSA ke sauraro, ba tare da hukumar ta gane daga cikin Amurka yake kira ba. Da akwai rumbun, in ji su, da an gano shi. Amsar da masu bincike suka bayar ita ce CIA ta riga ta san mutumin yana da bizar Amurka tun farkon 2000, ba ta sanar da FBI a kan lokaci ba. Bayanin yana hannu, isar da shi ne ba a yi ba.

Shugaban NSA, Janar Keith Alexander, ya ce shirye-shiryen hukumar sun taimaka wajen daƙile al'amuran ta'addanci 54. A Oktoban 2013 Sanata Patrick Leahy ya matsa masa, ya amsa cewa ba duka 54 ɗin ne makircin kai hari ba, kuma 13 ne kawai suka shafi Amurka. Mafi yawansu ma na wani shiri ne daban. Da aka tace, misali ɗaya ya rage wanda aka ce rumbun wayoyin ne ya buɗe shi: Basaaly Moalin, direban tasi a San Diego, wanda aka ɗaure shekara 18 saboda aika 'yan dubban daloli ga al-Shabaab a Somaliya. Laifi ne babba, amma ba hari ba ne, kuma babu gaggawar da za ta hana a nemi rajistar lambarsa da izinin alƙali ta hanyar da aka saba.

Kwamitin ƙwararru biyar da Obama ya naɗa da kansa, har da tsohon muƙaddashin shugaban CIA Michael Morell, ya ce a Disambar 2013 shirin bai zama dole wajen hana hare-hare ba. A Janairun 2014 hukumar sa ido kan sirri da 'yancin jama'a, wadda ta ga takardun sirrin da idonta, ta ce ba ta samu ko da misali ɗaya da shirin ya sauya sakamakon wani binciken barazana ga Amurka ba, kuma mambobi uku cikin biyar suka ce ba shi da tushe a doka. Alƙalan tarayya biyu sun saɓa a wata guda, Disambar 2013: Richard Leon a Washington ya ce da alama shirin ya saɓa wa kundin tsarin mulki, William Pauley a New York ya ce halal ne. Ranar 7 ga Mayun 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta New York, a hukuncin da Alƙali Gerard Lynch ya rubuta, ta soke na Pauley. Ta ce Sashe na 215 bai taɓa ba da wannan izini ba. Ta kuma yi watsi da hujjar cewa majalisa ta amince da fassarar tunda ta sabunta dokar a 2010 da 2011, domin ba a cewa mutum ya amince da abin da aka ɓoye masa.

Majalisa ta kusa rufe shirin tun Yulin 2013, lokacin da ƙudurin Justin Amash da John Conyers ya faɗi da ƙuri'a 205 da 217, masu ra'ayin riƙau da masu sassauci a gefe guda, shugabannin jam'iyyun biyu a ɗaya gefen. Sai ranar 2 ga Yunin 2015 aka sa hannu kan dokar USA Freedom. Rajistar ta koma zama a hannun kamfanoni, gwamnati na neman ta lamba guda guda da izinin kotu, tsallen ya koma biyu, aka kuma tanadi lauyoyi masu zaman kansu da kotun sirri za ta iya kira su yi jayayya da gwamnati a manyan batutuwa. Tarin jumla ya tsaya a ƙarshen Nuwamban 2015.

Sabon tsarin bai yi tsawon rai ba. A 2017, da mutum 40 kacal da ake bibiya, NSA ta karɓi rajistar kira da saƙo sama da miliyan 534, ko da yake akwai maimaici a lissafin. A Yunin 2018 ta sanar cewa kamfanoni sun turo mata bayanan da ba ta da izinin karɓa, ta kasa tsince su, saboda haka ta goge duk abin da ta tara tun 2015. A 2019 ta dakatar da shirin da kanta. Rahoton hukumar sa ido na 2020 ya ce an kashe kusan dala miliyan 100 a kansa, kuma sau biyu kawai ya ba FBI bayanin da ba ta da shi, ɗaya ne ya kai ga buɗe bincike. A watan Maris na 2020 wa'adin Sashe na 215 ya ƙare, ba a sabunta shi ba. A Satumba kuma kotun ɗaukaka ƙara mai kula da California ta duba shari'ar Moalin, ta tabbatar da ɗaurinsa, ta ce tsohon shirin ya saɓa wa doka, ta kuma ce abin da jami'ai suka faɗa wa jama'a game da rawar da rumbun ya taka a shari'arsa bai dace da abin da ke cikin takardun sirrin ba. Misali ɗayan da ya rage ma ya zube.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan awo ana iya yin sa tun 2007 ko 2009. Bayanan suna nan, alƙalai suna nan, 'yan majalisa suna nan. Ba a yi ba, saboda shirin da ke ɓoye ba ya fuskantar mai tambaya, kuma jami'in da ya ba da shawarar rufe shi zai ɗauki laifin duk harin da ya biyo baya. Sai da ma'aikacin kwangila ya karya doka kafin kotun fili ta samu damar cewa gwamnati ta karya doka. Ƙasar da ta dogara da haka don gyara kanta tana cikin haɗari ta fuska biyu, domin wanda ya kwashe takardun sirri ba abin da ya kamata jama'a su sani kaɗai yake kwasa ba.

Hujjar 1979 ta ɗan sassauta. A Yunin 2018, a shari'ar Timothy Carpenter, wanda aka karɓi rajistar wuraren da wayarsa ta je na kwana 127 ba tare da takardar izinin bincike ba, Kotun Ƙoli ta ce da rinjayen 5 da 4 cewa irin wannan yana buƙatar izinin alƙali, ko da bayanin yana hannun kamfani. Amma kotun ta taƙaita hukuncin, ta ce bai taɓa harkar tsaron ƙasa ba. A gefe guda kuma hukumomi sun sami hanya mafi sauƙi: sayen bayanan mutane daga dillalan da ke tara su ta manhajojin waya. Wani rahoto na ofishin Daraktan Leƙen Asiri da aka buɗe a Yunin 2023 ya amsa cewa ana saye da yawa, kuma bayanan na iya tona asirin rayuwar mutum. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana wannan ciniki a Afrilun 2024, Majalisar Dattawa ba ta ɗauke shi ba. A wannan watan ne kuma aka kawo shawarar a wajabta izinin alƙali kafin a laluba saƙonnin Amurkawa da suka faɗa cikin tarin Sashe na 702 na dokar FISA, wanda aka yi don sa ido kan baƙi a ƙetare. Ƙuri'a ta tashi 212 da 212, shawarar ta faɗi, aka tsawaita sashen da shekara biyu.